Gashin Bakin Kafi-Kowa

A layin nan ba wanda bai san Kafi-Kowa mai aski ba, kuma abin da ke cin ransa ke nan: a layin kaɗai aka san shi. Sunan ma ba wani ne ya raɗa masa ba. Shi ya sa mai fenti ya rubuta a saman ƙofar shago, ya kuma tsaya a kansa sai da ya ƙara wa haruffan kauri. Askinsa ba laifi in dai bai fara labari ba. In kuwa ya fara, sai ka yi ta kanka, don aska na tafiya a ƙeyarka ne yayin da idonsa ke kan madubi, yana kallon abin da ya fi ƙauna a duniya, wato gashin bakinsa.

Gashin bakin kam ya isa kallo. Tun kafin ya yi aure yake kiwonsa, baƙi wuluk, ya miƙe hagu da dama, bakinsa ya lanƙwashe sama. Kullum da safe sai an shafa masa mai an taje shi da wani ɗan mataji da ba mai taɓawa. Matarsa kan ce da rufin gidansu na samun rabin wannan kulawar, da ba su riƙa tarbar ruwan sama da bokiti a tsakar ɗaki ba.

Daura da shagon akwai garejin Bakanike, mutum marar yawan magana, mai wata kyanwa malalaciya da ake kira Fulogi. Wata rana Fulogi ta yi barci cikin tsohuwar taya, ƙafafu sama, harshe waje, Bakanike ya ɗauke ta da waya ya sa a intanet. Kan ka ce kwabo kyanwa ta yi suna. Baƙi suka riƙa zuwa daga unguwanni masu nisa don su yi hoto da ita, kuma abin takaici, da yawansu a ƙofar Kafi-Kowa suke tsayawa.

“Sannu maigida, don Allah ina ne garejin kyanwar nan?”

Ranar da wata mata ta miƙa masa waya ta ce ya ɗauke ta hoto da Fulogi, ranar haƙurinsa ya ƙare. Ya tsallaka titi da tawul a kafaɗa, ya tarar da Bakanike a ƙarƙashin mota, Tela maƙwabcinsu na zaune a benci yana shan shayi.

“Wai me kyanwar nan ta iya ne?” in ji Kafi-Kowa. “Barci! Barci kawai! Ni da zan sa fuskata a intanet, sai wayoyin mutane sun yi zafi.”

“To sa mana,” in ji Bakanike daga ƙarƙashin mota. “Wa ya riƙe ka?”

“Ba na son in kashe wa ƙanana kasuwa ne.”

“Allah sarki, mai tausayi,” in ji Tela.

Wannan “Allah sarki” ita ta tunzura shi. Ya daki bonet ɗin motar mutane, ya ce kowa ya shaida: in shekarar nan ta ƙare baƙo bai shigo layin yana tambayar shagonsa maimakon garejin kyanwa ba, to Bakanike ya zaunar da shi a tsakar titi ya aske masa gashin baki da hannunsa mai baƙin mai. Bakanike ya turo kai waje, ya dubi gashin bakin kamar mai ƙiyasta aikin da ke jiransa, ya ce ya yarda. Aka naɗa Tela alƙali.

Da labari ya isa gida, matarsa ta ajiye ludayi ta dube shi.

“Baban yara, kai da ko lambar waya sai na ajiye maka?”

“Ke dai zuba ido. Zakaran da Allah ya nufa da cara...”

“Shi zakaran ai ya san inda ake dannawa.”

Bidiyonsa na farko jawabi ne ga duniya. Ya yi magana mai tsawo kan tarihinsa da na gashin bakinsa, sai bayan ya gama aka ga fanka ce kawai ta fito tana juyawa, sai ƙofofin hancinsa da ke leƙowa jefi-jefi. Masu kallo uku aka samu: matarsa, Bakanike, da shi kansa.

Ya ce ai jawabi ba ya tafiya a zamanin nan, bajinta ake so. Sai ya sanar zai yi aski ido a rufe. Ya lallaɓi Tela da alkawarin aski kyauta, ya ɗaure fuska da tawul, ya kunna inji.

“Kai dai kada ka motsa. Hannuna ido gare shi.”

“Nan ba kaina ba ne fa,” in ji Tela.

“Na ce kada ka motsa.”

“Kafi-Kowa, nan goshina ne!”

Zuuut! Da aka kwance tawul, kan Tela na nan yadda ya zo da shi, amma girarsa ta hagu ta tafi gaba ɗaya. Tela ya dubi madubi, fuskarsa ta koma ta mutumin da rabinsa ke mamaki, rabi bai ji labari ba. Kafi-Kowa ya ce ai gira ɗaya ita ake yayi yanzu a manyan birane. Tela ya bi shi da almakashi har bakin kwata.

Daga nan ya yanke shawarar tunda kyanwa mutane ke so, bari ya ba su kyanwa. Ya ba wani yaro wayarsa ya riƙa ɗauka, ya yaudari Fulogi da kan kifi ta shigo shago, ya ɗora ta a kujera ya yafa mata ƙyalle, wai zai yi mata gyaran fuska. Injin na yin ƙara Fulogi ta tuna ita ma jinin damisa ce. Ta haye kansa, ta dira kan kantar shago, ta ture gwangwanin hoda, ta fice ta taga. Shi kuwa ya ja da baya fari fat, ya faɗa kujerar aski mai taya. Kujera ta juya da shi, ta gangara ta ƙofa, ta tsallaka titi kamar an aike ta, ba ta tsaya ba sai da ta juye shi cikin daron baƙin mai a gareji.

Bakanike ya dube shi, sama fari, ƙasa baƙi.

“Juyen mai za a yi maka, ko duba taya?”

Ana cikin haka sai ga ’yar ƙanwarsa ta kawo ziyara. Ita mai zane ce a wani kamfani da ke yin katun na barkwanci ana nunawa a talabijin. Ta tarar da kawunta yana wanke gashin baki da sabulu, ta ji labari daga bakin Tela, ta yi dariya har da riƙe ciki. Can sai ta share hawayen dariya, ta ƙura wa gashin bakin ido.

“Kawu, ka san kuwa muna shirya wani kashi na katun a kan wani mai neman suna a intanet? Mu yadda muke aiki, sai mun sami mutum ya yi motsin a gaban kyamara tukuna, sannan mu zana a kai. Tafiya, juyi, yadda baki ke motsi, har murya. Mun gwada mutane da yawa, darakta ya ce duk ba su yi ba.”

Kafi-Kowa ya miƙe tsaye, kumfa na ɗiga daga haɓarsa.

“Talabijin?”

“E, kuma ana sawa a intanet. Amma Kawu, bari in gaya maka ko wane ne tauraron, don shi ba...”

“Tauraro! Kun ji ko? Tauraro ta ce.”

“Ina nufin shi wanda za a zana ɗin, ai ba mu...”

“’Yar nan, ni na yi miki askin farko a duniya. Yau ke za ki koya min yadda ake zama tauraro? Kada ki ɓata min daɗin mamaki. Ku zana ni yadda Allah ya yi ni.”

Ta buɗe baki za ta sake gwadawa, ya cusa mata wayarsa a hannu, ya ce ta kwashe bidiyoyin da ke ciki ta nuna wa darakta, ta zaɓi masu kyau. Bai iya gogewa ba, don haka komai na nan: fanka, girar Tela, Fulogi, da tafiyar kujera tun daga madubi har daro.

Ranar ɗauka ya isa kamfanin cikin kwat, ƙamshin turare na riga shi shiga ɗaki. Ya tarar da matasa a jere gaban kwamfuta, kowa da alƙalaminsa yana zane a kan gilashi. Darakta, wani siriri mai tabarau, yana ganin gashin bakin ya dafe ƙirji.

“Shi ne! Wallahi shi ne! Kada a taɓa komai.”

Kafi-Kowa ya waiga ya harari ’yar ƙanwarsa, irin hararar “ba na gaya miki ba?”

Aka ce ya cire kwat ya kwanta rub da ciki a kan tebur. Ya kwanta. Aka ce ya haɗe ƙafafu ya riƙa kaɗa su hagu da dama. Ya kaɗa. Aka ce ya manne hannuwa a jiki ya riƙa fiffita tafukan kawai. Ya fiffita.

“Madalla! Yanzu kumbura kumatu. Buɗe baki, rufe. Buɗe, rufe. Zaro ido!”

“Kawu,” in ji yarinyar a hankali, “ka gane dai abin da...”

“Na gane mana. Wurin da tauraro ke ninƙaya ya ceto mutane ne. Matsa, kina tare min haske.”

Daga nan aka kai shi wani ɗan ɗaki mai katifu a bango, aka ba shi kofin ruwa da tsinken shan lemo, aka ce ya hura. Ya hura, bul-bul-bul, har sai da ruwa ya shiga hancinsa. Sannan darakta ya ce ya faɗi duk abin da ya saba faɗa in an raina shi. Nan fa abin nema ya samu. Ya gyara tsayuwa, ya murza gashin baki, ya daka wa makirufo tsawa:

“Kun san ko ni wane ne?”

Masu zane suka kife a kan teburansu don dariya. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

Watannin da aka yi ana zane, layin bai huta ba. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ji yadda darakta ya yi hawaye, da yadda aka roƙe shi ya koya wa matasan aiki. Ya daina gaida Bakanike da baki, sai da ɗaga yatsa. Fulogi kuwa in ta gifta sai ya ce, “Ci zamaninki, ’yar nan, saura ƙiris.” Yarinyar ta yi ta kiransa a waya tana cewa akwai maganar da ya kamata ya ji, shi kuma yana cewa yana da baƙi. Ta biyo ta wajen matarsa. Matar ta saurara, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, ta ce a bar shi, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Aka sa ranar nunawa wata Asabar da yamma, shekara na dab da ƙarewa. Kafi-Kowa ya fito da talabijin ƙofar shago ya ɗora a kan tebur, ya aro kujeru, ya gayyaci layin kaf har da na bayansa. Ya zauna a gaba cikin kwat, gashin baki ya sha mai yana ƙyalli. Tela ya zo da girarsa da ta ƙi komawa daidai, ’yan tsirarun gashi kawai suka fito. Bakanike ya zo da Fulogi a kafaɗa da sabuwar reza a aljihun gaba, yadda kowa zai gani.

“Ka ajiye rezar nan ka yi wa kyanwarka aski,” in ji Kafi-Kowa. “A yi shiru! An fara.”

Kiɗa ya tashi. Allo ya yi shuɗi, ga ciyayi na kaɗawa, ga kumfa na tashi sama.

“Kogin da na gaya muku ke nan,” in ji shi. “Yanzu zan shigo.”

Sai ga wata ƙatuwar tarwaɗa ta fito daga bayan dutse, tumbi a gaba, tana kaɗa jela hagu da dama, tana fiffita ’yan fukafukanta. A saman bakinta ga gashi baƙi wuluk, ya miƙe hagu da dama, bakinsa ya lanƙwashe sama. Ta tsaya gaban wata fasasshiyar kwalba tana duba fuskarta, ta fito da ɗan mataji.

Jama’a suka juyo suka dubi Kafi-Kowa. Wata tsohuwa a baya ta ce, “Ikon Allah, kamar an tsaga kara.”

“Talla ce,” in ji Kafi-Kowa da sauri. “Sukan fara da talla.”

Tarwaɗa ta juyo, ta kumbura kumatu, ta zaro ido, ta murza gashin baki, ta buɗe baki da muryar da duk layin ya sani:

“Kun san ko ni wane ne?”

“Mun sani!” in ji layin gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, annoba ce. Mutane suka riƙa zamewa daga kujeru. A allo kuwa tarwaɗa na kishin wata ƙaguwa da ta yi suna don kawai tana barci cikin taya. Ta yi wa duniya jawabi hancinta kaɗai ya fito. Ta ɗaure ido ta aske girar wani kwaɗo mai tef ɗin awo a wuya.

“Kai! Har da ni?” in ji Tela, ya miƙe. “Ni ne kwaɗo?”

“Zauna,” in ji Bakanike yana share hawaye, “ga ni can kunkuru, ban ce komai ba.”

Kafi-Kowa ya yi wuf zai kashe talabijin, ƙafarsa ta harɗe da waya, ya tafi rub da ciki a kan tebur, ƙafafu a haɗe suna kaɗawa, baki na buɗewa yana rufewa don neman numfashi. A daidai lokacin tarwaɗar allo ita ma ta faɗa daron baƙin mai tana yin haka. Jama’a suka rasa wanne za su kalla, wayoyi kuwa duk sun tashi sama.

Kafin gari ya waye an haɗa hotunan biyu gefe da gefe, sun zaga duniya. Da hantsi wata mota ta tsaya a ƙofar gareji, wani saurayi ya leƙo ya ce wa Bakanike, “Sannu maigida, don Allah ina ne shagon Tarwaɗa?” Fulogi na kwance cikin tayarta, ko kallonta bai yi ba.

Bakanike mutum ne mai cika alkawari. Ya tsallaka titi da Tela a bayansa, ya ajiye rezar a kan kantar shagon.

“Ka ci. Gashin bakinka ya tsira. Alƙali, ko ba haka ba?”

“Haka ne,” in ji Tela. “Ya fi kyanwa. Ya fi kowa ma, a cikin ruwa.”

Sai dai wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya shekara yana yi wa kowa ba’a a kujerarsa, yanzu ba ya iya zuwa sayen burodi sai an bi shi ana bul-bul-bul. Shago ya cika maƙil, amma ba mai son aski, kowa so yake ya kumbura kumatu a yi hoto. Wata mata ta kawo jaririnta ta ce ya taɓa gashin. A gida ma ya ji matarsa a kicin tana tambayar tukunya ko ta san ko ita wace ce. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya so a san shi, an kuwa san shi, amma ko mutum ɗaya cikin masu tururuwar bai tambayi sunan da ke saman ƙofa ba.

Ran nan da rana tsaka ya kori kowa, ya rufe shago, ya ja labule. Ya zauna a kujerar da ta taɓa kai shi gareji, ya daɗe yana kallon madubi. Ya taje gashin a hankali, ya shafa masa kumfa, ya ɗauki rezar Bakanike. Idonsa ya ciko.

“Ka yafe ni,” ya ce wa gashin bakin. “Kai ka jawo mana.”

Ya ja reza sau ɗaya, ɓangaren hagu ya faɗo kan tawul. Leɓen da bai ga rana ba tun yana saurayi ya bayyana, fari sol, tsirara.

Sai aka buga ƙofa.

“Kawu! Kawu, buɗe! Albishirinka!”

“Ba na nan!”

“Ga darakta, ga ’yan talabijin da kyamara! Kai tsaye za a yi hira da kai, a shagonka, da sunanka na gaskiya a rubuce a ƙasan allo. Darakta ya ce a nuna wa duniya mai gashin bakin na asali!”

Kafi-Kowa ya dubi ƙofa, ya dubi madubi, ya dubi abin da ke kan tawul. Ya ɗauka ya manna da kumfa, ya faɗo. Ya manna da man gashi, ya zame ya tsaya a haɓa. Yana cikin laluben gam a aljihun tebur sai ya ji ƙarar mabuɗi. Ya manta matarsa na da nata.

Ƙofa ta buɗe, haske ya shigo, kyamara ta shigo, layin gaba ɗaya ya leƙo ta bayanta. Darakta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Yarinyar ta dafe kai. Matarsa ta jingina da bango tana ƙyaƙyata dariya.

Kafi-Kowa ya yi ta maza. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya kai hannu zai murza hagu ya kama iska, ya koma ya murza dama.

“Wannan,” in ji shi, “shi ake yayi yanzu a manyan birane.”

Tela ya ratsa jama’a a hankali, ya zo ya tsaya kusa da shi a gaban kyamara, ya ɗaga girarsa guda ɗaya mai lafiya, ya dafa kafaɗarsa.

“Haka ka gaya min nima,” in ji shi. “Kada ka damu, maƙwabci, yana fitowa. Sai dai ba ya komawa daidai.”